A gidan ubana nake amma kamar baƙuwa, akwai mai irin wannan?

Baƙuwar_Gida
Assalamu alaikum 'yan guruf. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa komai ba, yau dai na kasa daurewa. Don Allah a yi min uzuri in rubutun ya yi tsawo.

Mu bakwai ne wajen mahaifiyarmu, ni ce ta uku. Ina da shekara 4 aka ba Goggona ni, ƙanwar Babanmu, saboda Allah bai ba ta haihuwa ba. Mijinta ma'aikacin gwamnati ne, cikin waɗanda aka kwaso daga Legas bayan an mayar da babban birni Abuja a 1991, suna zaune a Kubwa. Can na yi firamare, can na yi sakandare, can na yi wayo. Zuwa gidanmu a Jos sai da babbar sallah, ita ma ba kowace shekara ba. Ina da shekara 19 Goggo ta rasu, bayan kwana arba'in Baba ya aika aka ɗauko ni tunda mijinta ba muharramina ba ne, ba zai yiwu a bar ni daga ni sai shi ba. Yau shekara 7 kenan ina gidanmu a Anguwar Rogo, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi.

Abin da ke damuna, wlh ba wanda ya taɓa zagina ko ya hantare ni. Da ma hakan ake min da na san abin da zan faɗa. Kara ake min. 'Yan uwana su zauna su ci a tire ɗaya, ni a zuba min nawa a kula a kai min ɗaki. Mahaifiyarmu za ta yi wa autarmu faɗa kamar ta ari baki a kan wanke-wanke, ni ko in na bar kwano ba ta cewa uffan, sai dai in tarar an wanke. Ba ta taɓa aikena ba ko sau ɗaya. In an zauna hirar dare suka fara tuna lokacin dokar hana fita na 2008 da 2010, yadda aka yi ta shan gwate ba mai, wa ya ɓuya a ƙarƙashin gado, wa ya yi kuka, su yi ta dariya har da hawaye, ni sai dai murmushi don lokacin ina Kubwa a talabijin nake gani. Har yau 'yar Abuja suke ce min. Ni kuma bakina ya kasa ce wa mahaifiyata Mama don Goggo na saba kira da haka, sai nake ce mata Hajiya, kuma na san kowa ya lura.

Tambayata biyu ce. Akwai wanda ya taɓa jin haka a gidansu? Sannan in na nemi aiki na koma Abuja don zuciyata ta samu sauƙi, na shiga sahun masu yanke zumunci?

Maman_Khalifa
Wa alaikumus salam. Wayyo 'yar uwa kin sa ni ƙwalla da safen nan. Allah Ya jiƙan Goggo Ya sa ta huta. Wlh ba ke kaɗai ba ce, ki tsaya ki ji.

Ɗan_Dilimi
Ni fa gsky ban ga matsala a nan ba. Ana girmama ki, ana kai miki abinci har ɗaki, ba a miki faɗa, me kuma ya rage? Ƙanwata ki zagaya ki ga yadda wasu ke rayuwa a gidan ubansu, wani sai ya fita ya yi dako kafin ya ci, wata kishiyar uwa ta mayar da ita baiwa. Ki gode wa Allah ki daina sa wa kanki tunani. Wannan zaman ɗaki da latsa waya ne ke kawo irin wannan.

Agolan_Nasarawa
Malam Ɗan_Dilimi wanda bai ɗanɗana ba ba zai gane ba, kuma ban ga laifinka ba. Ni agola ne, sunan da na sa a nan ma ba wasa ba ne. Ina da shekara 6 mahaifiyata ta yi aure a Nasarawa ta tafi da ni. Mutumin nan, Allah Ya gafarta masa, shi ya biya min kuɗin makaranta tun daga aji ɗaya har na gama, yadin sallah iri ɗaya yake yanka mana ni da 'ya'yansa, bai taɓa bambanta mu a kwano ba. Amma in muka yi laifi tare, misali muka gudu kallon ƙwallo muka ƙi zuwa islamiyya, zai jera su ya zane su da dorina ni ya ce in shiga ciki. Yaran suna ganin na ji daɗi, ni kuma in shige banɗaki in yi ta kuka don na gane abin da hakan ke nufi, wato ni ba nasa ba ne da zai taɓa. Wlh har na girma dukan da ba a min ba ya fi min ciwo a kan wanda aka musu. Don haka da ta ce ba a taɓa aikenta ba na gane ta sarai.

Abu_Hanan
Anya ba kunyar ɗan fari ba ce? Ai iyayenmu mata haka suke, ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa sake masa fuska gaban mutane. Ni har yau tsohuwata ba ta faɗin sunana sai dai ta ce wannan yaron.

Ummu_Salma_Kubwa
Abu_Hanan ka koma ka karanta da kyau, ta ce ita ce ta uku.

Abu_Hanan
Haka ne, na yi gaggawa, a gafarce ni.

Hajiya_Rikkos
'Yata Baƙuwar_Gida, jikata ce ta nuna min rubutunki ta ce in karanta, na ce ta ba ni wayar ni zan amsa da kaina. Ni uwa ce da ta ba da ɗa riƙo, don haka bari in gaya miki abin da wataƙila mahaifiyarki ba za ta taɓa iya buɗe baki ta gaya miki ba.

Ranar da aka zo ɗaukar ɗana na biyu, yayan maigidana ne ya nema, ba a yi shawara da ni ba, sanar da ni aka yi. A zamaninmu in ka ce a'a an ce ba ka da kara, kin raba 'yan uwa, kin nuna ɗan naki ne ke kaɗai. Na haɗa masa kayansa a leda da hannuna ina dariya, da motar ta tashi na shiga ɗaki na toshe bakina da zani. Daga ranar kuma aka fara koya min darasi. In ya zo hutu na ja shi jikina sai a ce tana zuga shi, in na tambaye shi ko yana ƙoshi a can sai magana ta koma wai na ce ana barin shi da yunwa, in na masa faɗa a ce ba ki yarda da tarbiyyar da ake masa ba kenan. To me ya rage min? Kawar da kai. Na koya wa idona kada ya bi shi, na koya wa bakina kada ya aike shi. Shekara 14 ina wannan horon. Da ya dawo gabana da gemunsa sai na tarar abin ya zame min jiki, ina so in ce kai tashi ka ɗebo min ruwa sai harshena ya yi nauyi, in ga kamar ba ni da wannan hurumin tunda ba ni na sha wahalarsa ba. Kuma ƙasan zuciyata akwai tsoro, kada in matsa masa ya dube ni ya ce ai ke kika bayar da ni.

Kular nan da ake kai miki ɗaki, ni a ganina ba ware ki ake ba. Mace ce da take jin kina bin ta bashi ta rasa da me za ta biya sai da naman miya. Ban ce haka ne dole ba don ban san gidanku ba, amma ni haka na yi, ɗana ma sai da ya yi aure matarsa ta gaya min yana cewa ba na son shi. Ranar ban yi barci ba.

Maman_Khalifa
Innalillahi. Hajiya Allah Ya saka da alheri, wlh ban taɓa kallon abin ta wannan gefen ba.

Ummu_Salma_Kubwa
Shi ya sa ni kullum nake cewa wannan al'adar ta riƙo a daina ta kawai. Yaro ba kwano ba ne da za a ara wa maƙwabta. Kun ga dai, uwa ta cutu, 'ya ta cutu, don kawai a share wa mutum ɗaya hawaye. Ni ko uwata ce ta roƙa ba zan ba da ɗana ba, in tana so ta zo ta zauna da mu.

Baban_Yara_FarinGada
Hajiya Ummu_Salma a yi a hankali. Ba don riƙo ba da ni yanzu ban san inda nake ba. Mahaifinmu ya rasu ya bar mu mu tara, kawuna ya ɗauke ni ya kai ni Bukuru, a hannunsa na koyi harkar kayan gwari, yau ina loda tumatir da kabeji da dankalin turawa daga Farin Gada zuwa kudu, ina ciyar da gida biyu. Marayu fa? Yaran da aka saki uwarsu fa? Wa zai riƙe su in an ce an daina? Gyara za a yi ba rushewa ba. A riƙa kawo yaro gida duk hutu, a bar uwa ta yi magana da ɗanta, yanzu ma ga waya. Kuskuren mutanen da shi ne da suke ganin in an ba ka yaro sai an yanke shi daga uwarsa gaba ɗaya kafin ya zama naka.

Ummu_Salma_Kubwa
Baba ai maraya daban. Ita uwarta da ubanta suna raye, suna da abin ciyar da ita. Wannan nake magana.

Malam_Gangare
Bismillah. Zan taɓa tambaya ta biyu don na ga an bar ta a baya. Zumunci ba zama gida ɗaya ba ne. Mutum zai iya kwana ɗaki ɗaya da ɗan uwansa alhali ya yanke shi, wani kuma yana wata ƙasa yana sadarwa. Hadisi ya tabbata a Bukhari cewa mai sada zumunci ba shi ne mai ramawa ba, shi ne wanda in an yanke masa sai ya sadar. Don haka in kin koma Abuja da yardar mahaifinki, da wurin zama na mutunci, kina kira, kina zuwa, kina aike gwargwadon hali, ba ki yanke komai ba. Abin da za ki bincika shi ne niyya, neman sauƙi za ki ko fushi za ki yi. Wannan ke kaɗai kika sani.

Sannan iyaye da ke karantawa, jin an fifita wani ko an ware wani a cikin 'ya'ya ba ƙaramin abu ba ne da za a ce yaro ya cika ƙorafi. Ku duba Suratu Yusuf aya ta 8, abin da 'yan uwansa suka fara faɗa kenan, cewa Yusuf da ɗan uwansa sun fi soyuwa wajen babansu, daga nan komai ya faro. Da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi masa kyauta shi kaɗai ya zo neman Annabi (SAW) ya yi shaida, sai ya tambaye shi ko duk 'ya'yansa ya yi wa haka, ya ce a'a, sai ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku. Ni a fahimtata adalcin nan ya haɗa da sakin fuska da hira, har da faɗa ma.

Abu na ƙarshe ga masu riƙo. Ɗan riƙo ba ya cin gadon mai riƙonsa a matsayin ɗa, kuma da sunan ubansa ake kiransa kamar yadda ya zo a Ahzab aya ta 5. Amma an ba ku damar wasiyya har zuwa sulusi ga wanda ba magaji ba, kuma kuna iya yi masa kyauta kuna raye ku damƙa masa. Da yawa ba sa yi, sai an mutu yaro ya tashi ba tsuntsu ba tarko, can ba gado nan ba sabo.

Ɗan_Kabong
Ni Kirista ne amma abin nan ba ya tambayar addini. Mu ma labarin Yusufu yana nan a Farawa sura 37. Baffana ya tafi da ni Kaduna ina ƙarami, da na dawo na manta yarenmu sai Hausa da Turanci, in an taru a ƙauye lokacin Kirsimeti kakata ta yi min magana sai an fassara min. Har ta mutu ba mu taɓa hira mu biyu ba. 'Yar uwa Allah Ya ba ki haƙuri.

Sadiya_Yanshanu
Ni shawarata ki yi aure kawai. Mace ai gidan ubanta ba wurin zamanta ba ne, da kin samu naki ɗakin duk wannan zai wuce.

Maman_Khalifa
Anti Sadiya don Allah a daina ba da wannan shawarar haka kai tsaye. Na san wadda ta yi auren gudun gida, duk wanda ya fara zuwa ta amsa, yau tana gidan da ya fi na ubanta zafi kuma ta kasa dawowa don dama ba ta saba da kowa ba. Aure in lokacinsa ya yi za a yi, amma ba magani ba ne na wannan. In aka ɓata miki a gidan miji wajen wa za ki kai kuka in ba ki gyara nan ba?

'Yar_Pankshin
Nawa salon daban ne amma ciwon ɗaya. Babana Bahaushe ne ɗan Gangare, mamata Ngas ce daga Pankshin, ta musulunta kafin aurensu. A dangin Baba mu ne 'ya'yan ƙabila, in an zo rabon ankon biki sai an gama da kowa a tuna da mu. In mun je Pankshin kuma mu ne Hausawa, ana son mu wlh, kakata har tukunya daban ta ajiye mana, amma in muka shigo ana hira sai a sauya magana. Kafin rikicin Jos na 7 ga Satumba 2001 yayyena sun ce abin bai kai haka ba, ƙannen Mama suna zuwa gidanmu su yi sati. Bayan nan da gari ya rabu, kowa ya koma unguwar da nasa suka fi yawa, sai ya zama zuwa gaishe da ƙanwar mamata a Anguwar Rukuba sai an yi lissafin hanya da lokaci, ita ma haka in za ta zo mana. Ta aiko mana da abincin Kirsimeti gwaggonnina su tsaya tambayar wa ya yanka kazar, alhali matar nan saboda mu take kai kajinta wajen Musulmi ya yanka mata tun kafin a haife ni.

Abin da na yi, na daina jiran wani ɓangare ya ce min ke tamu ce. Ni da 'yan ɗakinmu muka riƙe junanmu, kuma duk wanda ya yi biki ko rasuwa a kowane gefe ina zuwa ko an gayyace ni ko ba a gayyace ni ba. Wasu sun sauko, wasu har gobe. Amma ke kin fi ni wahala ta wani wajen, don ni ina da 'yan ɗakinmu, ke kuwa a cikin ɗakin ne abin yake.

Injiniya_Gwarinpa
Ni ba a ba da ni riƙo ba, boko ne ya raba ni da gida. Gidanmu kaf 'yan kasuwa ne, shagon Baba na cikin waɗanda suka ƙone a gobarar babbar kasuwar Terminus a 2002, daga nan yayyena duk suka bar makaranta suka shiga buga-buga don a tayar da gida, ni ƙarami aka ce in ci gaba. Da kuɗin guminsu na yi jami'a, ban manta ba kuma ba zan manta ba. Amma yau in na taho daga Abuja, in bi ta Keffi da Akwanga in hau Hawan Kibo ina ɗokin gida, ina shiga zaure sai hira ta mutu, kowa ya gyara zama, a fara ranka ya daɗe. An sa ranar auren ƙanwata ban sani ba sai da aka zo maganar kayan ɗaki aka kira ni. A guruf ɗin gidanmu na WhatsApp in na yi magana ba mai amsawa sai in alat ne ya shiga. Don haka Baƙuwar_Gida zan gaya miki gsky, dawowa Abuja zai ba ki iska amma ba zai cire abin ba. Ni ina nan shekara 11, in dare ya yi tunanin bai bar ni ba. Sai ma ya ƙara tabbatar musu da sunan da suka sa miki.

Auta_Bukuru
Ni kuma aƙida ce. Gidanmu 'yan Tijjaniyya ne tun kakanni, ni na tashi na bi Izala, kun san dai a nan Jos aka kafa ta a 1978 don haka kusan kowane gida akwai irin wannan. Watan Maulidi in ya kama ni da gida sai kallon kallo, Baba ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Abu_Hanan
To ai kai ka san gaskiya ka bi, haƙuri za ka yi da su har Allah Ya ganar da su.

Baban_Yara_FarinGada
Wace gaskiyar? Abu_Hanan kada ka fara.

Admin
Jama'a don Allah. Dokar guruf ta hana muhawarar aƙida, duk wanda ya ƙara zan goge. Baiwar Allah ta kawo damuwarta, a tsaya a kai.

Auta_Bukuru
Admin ba rigima na kawo ba. Abin da nake so in ce, abin da ya gyara tsakanina da Baba ba hujja ba ce, ciwon ƙafa ya yi na koma ni ke kai shi asibiti ni ke masa wanka wata huɗu. Bai canza ba ban canza ba, amma yanzu ni yake fara kira.

Nas_Lamingo
Na karanta duka, akwai abin da ban ga an taɓa ba. Ƙanwata, ke fa uwa kika rasa. Matar da kika kira Mama shekara 15 ta mutu, kuma na tabbata da aka zo gaisuwa babanki aka yi wa ta'aziyyar ƙanwarsa, mijinta aka yi wa ta matarsa, ke kuwa aka ce ai Alhamdulillahi ga uwarki nan da rai. Cikin kwana arba'in kika rasa ita, kika rasa ɗakinki, ƙawayenki, unguwarku, aka kawo ki inda kowa ke ganin gida kika dawo. Marainiya ce ke da ba a yi wa gaisuwa ba. Ba mamaki bakinki ya ƙi sakin sunan nan.

Ta fannin aikina kuma, ki lura da kanki. In kin ga sati biyu ko fiye kullum zuciya a cunkushe, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, abin da kike jin daɗinsa da ya daina burge ki, ko tunanin gara ma ba kya duniya ya fara zuwa, wannan ciwon damuwa ne kuma ana maganinsa, akwai sashen da ke duba shi a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Zuwa can ba hauka ba ne ba kuma raunin imani ba. Ki haɗa da addu'arki.

Baƙuwar_Gida
Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci za a amsa haka ba. Tun jiya nake karantawa ina ajiye wayar ina sake ɗauka.

Anti Nas, abin da kika faɗa ban taɓa jin wani ya faɗa ba. Wlh haka aka yi, ranar uku ina zaune a gefe ina raba ruwa ga masu gaisuwa, mace ɗaya ce maƙwabciyarmu a Kubwa ta riƙe hannuna ta ce sannu da rashi. Barcina lafiya, ina cin abinci, amma zan kiyaye abin da kika ce.

Hajiya_Rikkos, Mama ki yafe min in na yi kuskure, amma ina karanta naki ina jin haushi ina jin tausayi lokaci ɗaya. Na yarda da duk abin da kika ce. Sai dai ni ina da shekara 4, ban zaɓi komai ba. Me ya sa ni ce kuma zan fara?

Jiya da daddare na samu Yayarmu babba da ta zo daga gidanta na ɗan buɗe mata. Ta yi shiru sannan ta ce su fa tun da can gani suke na fi su, in na zo sallah da takalmi mai kyau da Turanci a bakina su kuma ana aikensu talla, har suna cewa ni aka zaɓa aka kai daɗi aka bar su. Wai da na dawo na cika shiru da zaman ɗaki sai suka ɗauka ƙyamar gidan nake. Ta ce kular ma ita ta kawo shawarar, don a satin farko an ga ban iya cin tuwo da hannu cikin mutane ba ana tsoron kada in takura. Shekara 7 a kan abin da ya faru a sati ɗaya.

Hajiya_Rikkos
'Yata ba ki yi kuskure ba, kuma ba ke ya kamata ki fara ba, gaskiyarki. Mu ya kamata. Amma na san irinmu, za mu iya mutuwa da magana a ciki. In kin ga za ki iya, kada ki tare ta da zancen, ba za ta iya ba, kuka za ta yi ko ta tashi ta bar wurin. Ki same ta tana tsintar shinkafa ki ja kujera ki sa hannu. Ki ce ta yi miki kitso. In ba za ki iya ba kuma ba wanda zai ce kin yi laifi.

Ɗan_Dilimi
Na dawo na ga an yi ta magana. Ƙanwata in kalamaina sun miki zafi ki yi haƙuri. Amma har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya, kin ji dai abin da Yayarki ta ce, su ma suna da nasu ciwon. Ni ina cikin waɗanda aka bari a gida aka kai ƙanena karatu wajen kawu, mu muka yi dakon, kuma ba wanda ya taɓa tambayarmu ya muka ji. Kowa na kallon wanda ya tafi.

Agolan_Nasarawa
Wannan kuma gaskiya ne Ɗan_Dilimi, da haka ka fara da ba wanda zai ja da kai.

Ummu_Salma_Kubwa
Ni dai in kin yanke shawarar dawowa ki min magana ta inbos, makarantu suna da yawa a nan Kubwa da Dutse da Bwari kuma ana neman malamai mata. Amma ki yi lissafin haya da kuɗin mota tukuna, albashin makarantar kuɗi a Abuja in ba ki da wurin zama kyauta a hanya yake ƙarewa. Kuma ban yarda da masu cewa tafiya gudu ba ce. Wani lokacin sai ka yi nisa ake sanin kana gidan.

Injiniya_Gwarinpa
Hajiya ni na yi nisan, ba a sani ba. Ko da yake kowa da irin gidansu.

Baƙuwar_Gida
Shekaranjiya da aka kawo min kula na ɗauka na fito tsakar gida na juye a tiren su. Hannuna har rawa yake. Autarmu ta matsa min ba ta ce komai ba, ƙanena ya ce yau 'yar Abuja ta sauko aka yi dariya, ban gane ta maraba ba ce ko ta tsokana, na dai ci. Hajiya tana bakin murhu ta ɗago ta dube ni ta mayar da kanta. Jiya na dawo daga makaranta na tarar da kular a ɗakina kamar kullum, an ma ƙara min nama. Ban san ko in sake fitowa da ita yau ba. Anti Ummu_Salma na rubuta miki saƙo ban tura ba tukuna.

Maman_Khalifa
Ki sake fitowa da ita. Gobe ma haka.

Zee_Katako
Slm, yanzu aka sa ni a guruf ɗin nan na tarar da wannan. Ni 'yata ce ƙanwar mijina ke nema, shekararta 3, an ce bayan sallah za a zo ɗaukarta Gwagwalada kuma maigidan ya riga ya amsa. Hajiya_Rikkos don Allah in kina nan, ta yaya zan yi masa magana ba tare da an ce na raba 'yan uwa ba?